Talata a Bauchi, ranar awon gilasaina

Tun ƙarfe takwas ina lab, saboda Oga mai kula da injin UV, mai auna yawan hasken da abu ke shanyewa, ya ce da safe wuta ta fi zama. Gilasaina da na shafa wa ferobskait, wani sinadarin da ake gwadawa don yin sola, suna cikin roba da silika jel mai tsotse damshi, don damshin Agustan nan ba ya raga musu. Jiya na haɗa su, irin mai metilamoniyom da dalma da ayodin, ina ɗora su kan zafin digiri 100 ina kallo suka juye daga ruwan ɗorawa zuwa baƙi wuluk, wallahi har yau abin na burge ni.

Awon kansa ba wuya. Ka fara sa gilashin da ba komai a kansa injin ya cire nasa, sannan ka sa naka ya bi haske daga 900 nm (nanomita, ma'aunin tsawon zangon haske) ya gangaro zuwa 400. Layin da ke nuna hasken da aka shanye na kwance a ƙasa, kwance, sai wajen 790 ya miƙe tsaye. Hasken da ƙarfinsa bai kai ratar makamashin ba, wato ƙarfin da elektiron ke buƙata kafin ya haura sama, wucewa yake abinsa, wanda ya kai kuwa ya cilla elektiron sama a shanye shi. Ka raba 1240, lambar da ake mayar da nm zuwa eV (ma'aunin makamashi) da ita, da 790, ga ratar 1.57 eV nan.

Rigimar a zanen Tauc take, wato zanen da ake ciro ratar daga awon da shi. Ratar wannan kai tsaye ce, don haka (αhν)² ake zanawa a kan hν (α yawan shanye haske, hν makamashin hasken), ka ɗora rula inda layin ya miƙe ka ja har ya taɓa ƙasa. To amma ina ne "inda ya miƙe"? Na ɗan sauko ya ban 1.56, na ɗan hau ya ban 1.60. Ƙawata ta ce ke dai ki ja ya faɗa 1.55 tunda shi kowa ke rubutawa. Raina bai kwanta da haka ba sam, in dama an san amsar me ya kawo mu lab? Na kai wa Dakta, malaminmu, ya ce ki rubuta daga ina zuwa ina kika ɗauki layin, kuma duk gilasan ki yi musu iri ɗaya. Da haka na samu 1.58.

Kuma wannan ɗan bambancin ba wasa ba ne. Solan da ake sayarwa a Wunti silikon ne, ratarsa 1.12 eV, ba ta canzawa. Shi ferobskait kana ƙara masa sinadarin buromin a madadin ayodin ratar na buɗewa har 2.3, shi ya sa ake iya ɗora shi saman silikon kowa ya kama nasa hasken. A 2009 da su masanin nan Miyasaka suka fara yin sola da shi a Jafan kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana kawai yake mayarwa wuta, yanzu ya haura 25.

Wani tsohon gilashi da ya sha iska ya fara rawaya ta gefe, na sa shi shi ma. Hawan 790 ya yi rauni, ga wani sabo wajen 520, wato ya fara komawa ayodayid ɗin dalma. Gobe in Allah ya kai mu zan bar ɗaya a waje ina auna shi duk awa.