Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwana 19 Kafin Intabiyu

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a daidai inda saƙon ya shigo wayata, ina tsugune a shagon Abba a Kantin Kwari ina ɗaure dilar atamfa da za a tura Maraɗi. Wani kamfanin jiragen sama ne ya kira ni intabiyu a ofishinsu da ke Ikeja, a Legas, suna neman mataimakan matuƙa. Na ƙirga kwanakin da suka rage da yatsuna, 19 ne.

Lokacin shekarata uku da barowa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci da awa 214 na tuƙi a littafina. Wanda bai san harkar ba zai ga kamar awa 214 wani abu ne. A wajen kamfanoni kuwa jariri ne kai, domin babban lasisin da ake zama kyaftin da shi sai mutum ya tara awa 1,500. Ga shi ba a tara awa sai an ɗauke ka aiki, su kuma ba sa son ɗaukar wanda bai tara ba. A haka na yi shekara ukun, da rana ina awon yadi, da dare in hau soron gidanmu a Gwammaja ina kallon fitilun jirage.

Takardu ba su ba ni wahala ba. Takardar lafiya ta aji ɗaya wata 12 take yi, kuma duk shekara sai na je na sabunta ta, ko da kuwa bashi zan ci. Fasfo na nan, shaidar Turancin jirgi na nan, mataki na 4 cikin 6, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa. Na kwana biyu ina sake haɗa jimillar awoyin littafina shafi-shafi, saboda an gaya min masu intabiyu suna buɗe shi, kuma lissafi ɗaya da bai hau ba ya isa ya sa su fara shakkar sauran.

Inda aikin yake shi ne kaina. Karatun shekara uku da aka ajiye ya yi tsatsa.

Kawu ne ya haɗa ni da wani amininsa, tsohon matuƙi da ya yi aiki da Nigeria Airways har zuwa lokacin da aka rushe kamfanin a 2003. Baba Kyaftin muke ce masa. Gidansa na Nassarawa, kuma ya yanke min lokaci: kullum bayan La'asar zuwa kiran Magariba. Ranar farko na je da jakar littattafai, na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi jakar ya ce, "Ajiye wannan a can. Littafi ba zai shiga ɗakin tare da kai ba. Kana ƙafa 33,000, daga mil nawa za ka fara gangarowa?"

Na fara laluben biro.

"Da ka, yaro, da ka. Mil uku ga kowace ƙafa dubu. 99 ke nan, ka ƙara kamar goma don rage gudu. Kana tunkarar titin sauka da gudun not 140, wato mil 140 na teku a awa, ƙafa nawa za ka riƙa sauka a minti?"

Wannan na tuna: ka ninka gudun sau biyar, 700. Ya gyaɗa kai, bai ce komai ba.

Haka muka yi mako guda. Ya yi ta jeho tambaya kamar mai jifan tsuntsu a gona. Man da doka ta ce a ɗauka: na tafiya, da kashi 5 cikin 100 na ko-ta-kwana, da na zuwa wani filin idan na farko bai saukuwa, da na minti 30 na ƙarshe wanda ba a taɓa shi sai ido ya raina fata. Lambobin neman agaji: 7500 idan an yi fashin jirgi, 7600 idan rediyo ta mutu, 7700 ga kowane irin hatsari. Idan inji ya mutu kana gudun tashi a kan titi kafin ka kai V1, wato gudun da ake yanke shawarar tsayawa ko tashi, ka tsaya, idan bayansa ne ka tashi da injin da ya rage, domin titin da ya rage a gabanka ba zai ishe ka birki ba. A adaidaita sahu ma lissafi nake yi, daga Gwammaja har Nassarawa. Da dare ƙanwata ta riƙe waya tana ɗaukata ina amsa tambayoyi da Turanci, "Gaya mana ko kai wane ne", "Me ya sa kamfaninmu kake so", sai in saurara in ji inda nake in-ina da inda nake zuba surutun da ba a tambaye ni ba.

Wata rana ya tambaye ni tudun filin jirgin Malam Aminu Kano. Na ce ƙafa 1,562 sama da teku. Ya ce to, a ƙa'idar lissafin jirgi, a wannan tudun zafi digiri 12 ya kamata ya zama. Idan a watan Afrilu ya kai 42 fa? Na lissafa: bambancin 30 ne, kowane digiri ƙafa 120, wato 3,600. In an haɗa, jirgin zai ji kamar daga tudun ƙafa 5,100 da ɗoriya yake tashi. Iska ta yi sirara, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ba ya kamawa da wuri, titi kuma sai ya yi maka gajarta.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan Gwammaja ne ko? To ka san abin da wannan lissafin yake nufi fiye da ni."

Na sani. Ranar Asabar, 4 ga Mayu, 2002, ina ɗan shekara takwas, jirgin fasinja ya taso daga filin da tsakar rana ya faɗo a kan gidajen unguwarmu. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Jirgin ya cinye titin duka kafin ya ɗaga, kuma zafin ranar da tudun Kano suna cikin abubuwan da bincike ya ambata. Ban manta hayaƙin ba, ban manta yadda Umma ta fito ba mayafi tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya ba. Shi ya sa, kamar yadda na ba ku labari a kashi na 6, ta yi wata biyu ba ta sa min albarka a kan karatun Zariya ba. Daga ranar da Baba Kyaftin ya yi min wannan tambayar na daina yi wa lissafin kallon abin cin jarrabawa.

A kwana na tara ne abin da nake son ba ku labarinsa ya faru.

Na tarar ya jera kujerun roba biyu a baranda, ya manna babban hoton ɗakin tuƙin Boeing 737 a bango. Ya zauna a ta hagu, kujerar kyaftin, ya nuna min ta dama. Ya ce za mu sauka a Kano cikin hazo, shi ke tuƙi, ni ke sa ido da karanto masa tsayi. Iyakarmu ƙafa 200: idan muka kai nan ba mu ga titi ko fitilunsa ba, dole a fasa sauka a koma sama. Muka fara. Ina kiran lambobi, yana amsawa. Dubu ɗaya. Ɗari biyar. Ɗari uku. Da na kira iyaka sai ya ce, "Ka ga titi?"

Na ce, "Ban gani ba, Baba."

Ya ce, cikin kwanciyar hankali, "Kar ka damu. Shekara 30 ina sauka a filin nan, ko ido rufe na san shi. Bari mu ƙara gangarawa kaɗan, yanzu zai fito."

Na ce, "To, Baba."

Ya tafa hannu da ƙarfi har sai da na zabura. Ya ce, "Shi ke nan, mun mutu. Ni da kai da mutum ɗari da hamsin da ke bayanmu. Ka san dokar, da bakinka ka karanto min ita yanzu. Me ya hana ka magana?"

Na sunkuyar da kai. Jikina ya yi sanyi, domin na san amsar. Tun ina yaro aka koya min babba ba ya kuskure a gaban yaro. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka katse shi, idan ya faɗi abin da ka san ba haka ba ne sai ka yi shiru, in ya so daga baya ka nemi wanda zai gaya masa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma har gobe ina alfahari da ita. Amma a ƙafa 200, jirgi na sauka ƙafa 700 a minti, abin da ke tsakaninka da ƙasa bai kai daƙiƙa 20 ba. Babu lokacin neman wanda zai gaya wa babba.

Ya ba ni labarin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Ranar 27 ga Maris, 1977, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi hatsarin jirgi da ya kai shi asarar rai ba. Kyaftin ɗin da ya fara gudun tashi ba tare da izini ba shi ne shugaban horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsu. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya bari, daga nan babu wanda ya sake cewa uffan. Baba Kyaftin ya ce irin wannan ne ya sa yanzu kusan kowane kamfani sai ya tambayi mai neman aiki: idan kyaftin ya karya doka kana gefensa, me za ka yi? Ya ce, "Lissafi kowa zai iya haddacewa. A kan wannan tambayar suke zubar da mutane."

Na ce, "Baba, wallahi nauyi nake ji. Sa'an mahaifina ne kai."

Sai ya yi murmushi, karo na farko tun da na fara zuwa. Ya ce, "Ɗana, idan liman ya yi rafkanuwa, ya miƙe zai kawo raka'a ta biyar a Azahar, me mamu suke yi?"

Na ce, "Su ce Subhanallah."

"Ko da wanda ya lura yaro ne a sahun baya?"

"Ko da yaro ne."

"Ya raina liman ke nan?"

Ban iya amsawa ba, don wani abu ya tokare min maƙogwaro. Shekara da shekaru ina ganin kamar aikin nan yana so in zubar da abin da iyayena suka dasa min, ashe abin da ake nema yana cikin masallacin unguwarmu.

Sauran kwanakin a kan wannan muka ƙare su. Ya koya min hawa-hawa: ka fara da nuni, "Kyaftin, mun kai iyaka, babu titi." Idan bai ji ba ka faɗi abin da za a yi kai tsaye, "Kyaftin, fasa sauka." Idan har yanzu bai motsa ba, ka ce ka karɓi jirgi, ka tura inji, ka ɗaga hanci, bayani ya biyo baya a sama. Ya sa na fara faɗa da Hausa ina kallon ƙwayar idonsa, domin ya ce in na iya da Hausa, Turancin mai sauƙi ne. Da gangan yake shuka kuskure a tsakiyar hira, ya faɗi lambar titi ba daidai ba ko ya tsallake layi a takardar dubawa, ya zuba ido ya ga ko zan yi magana. Sau biyu na bari ya wuce. A na uku na tare shi tun bai rufe baki ba, muryata na rawa. Ya ce, "Yauwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Ana saura kwana huɗu hazo ya sauko wa Kano sosai. Daga soronmu ko Dutsen Dala ba a hange, kuma tun safe ban ji ƙarar jirgi ko ɗaya ba. Tikitina na ranar jajibirin intabiyu ne. Da na je yi wa Baba Kyaftin sallama ya tambaye ni yaushe zan tafi, na gaya masa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "In jirginka bai tashi ba fa? Ina filinka na biyu?"

A daren na je Sabon Gari na yanki tikitin motar Legas ta washegari.

Da asuba na tarar Umma ta goge min farar riga da baƙin wando da hannunta, ta ƙulle min dambun nama a leda. Na durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Allah Ya tsare ka, Ya tsare waɗanda za ka ɗauka. Ka je, na yafe maka duniya da lahira." Abba ya raka ni har bakin titi, bai ce komai ba sai da adaidaita ta tsaya, ya cusa min kuɗi a aljihu ya ce in kira shi in mun wuce Kaduna.

Mutum uku na tarar a bayan tebur a Ikeja, kuma na tsakiyarsu ya girmi Abba. Abin da ya tambaye ni da abin da na amsa masa, sai a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.