Fitilar daren Kawu: inda aikin ya kai

'Yan uwa masu koyon haɗa na'urori, ga inda na kai da fitilar da nake haɗa wa kawuna mai fama da cutar mantuwa. Buƙatar dai ita ce in ya farka cikin dare, haske ya kai shi banɗaki ba tare da ya yi laluben makunni ba.

Ga kayan: ESP32, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa komai, na'urar jin motsi HC-SR501, na'urar jin haske LDR don kada fitilar ta kama da rana, sai zaren LED mai haske ruwan ɗorawa, wato 2700K a ma'aunin launin haske. Na manna zaren ƙasa-ƙasa a jikin bango, na kuma sa hasken ya riƙa tasowa a hankali ta hanyar PWM, wato dabarar kunna wuta da kashewa da sauri don daidaita ƙarfin haske, domin haske na farat ɗaya yana firgita mutumin da bai gama wartsakewa ba.

Abin da ya fi cin lokaci ba waya ba ce, ba kuma lambobin shiri ba. Da muka gwada da yamma, Kawu ya taka har tsakiyar hanya, sai ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake kwata. Na ce, "Kawu, me kuka gani?" Ya ce, "Ɗana, ai rami ne nan." Inuwar kujera ce ta faɗo kan baƙin abin goge ƙafa. Idonsa lafiya lau, ƙwaƙwalwar ce ke fassara abin da ya gani ta wata fuska. Baƙin shimfiɗa yakan zama rami, daɓe mai sheƙi ya zama ruwa, farar ƙofa a farin bango ta ɓace ɗungurungum. Cibiyar nazarin cutar da ke Jami'ar Stirling a Scotland, wadda aka kafa a 1989, ta daɗe tana jan hankalin magina kan haske da bambancin launi saboda haka. Na ɗauke abin goge ƙafar, na janye kujerar, muka shafa wa ƙofar banɗaki fenti shuɗi. Shi ya zaɓi launin.

Sai matsalar HC-SR501, wadda duk mai aiki da ita zai ci karo da ita. Motsi take ji, ba ta san zaman mutum ba. In Kawu ya zauna shiru a banɗaki, sai ta ɗauka babu kowa, ta bar shi cikin duhu. Ga mai wannan lalura, wannan ya fi rashin fitilar muni. Na mayar da jamfar, wato ɗan mahaɗin da ke jikin na'urar, kan H don kowane sabon motsi ya sabunta lokacin jira, na murɗa lokacin jira har ƙarshe, wajen minti biyar. Ya rage, amma bai warke ba. Yanzu ina gwada LD2410, ƙaramar radar mai aiki a 24GHz, wadda ke gane mutum ko da bai motsa ba.

Murya kuwa na cire ta. Da na haɗa DFPlayer Mini, 'yar na'urar kunna sauti, da muryar 'yarsa tana cewa, "Baba, banɗaki na hannun dama." Da ya ji, sai ya shiga leƙa bayan labule yana kiran sunanta, kuma da bai gan ta ba hankalinsa ya tashi ƙwarai. Washegari da safe, lokacin da tunaninsa ya fi zama daidai, na tambaye shi, ya ce ba ya son bango ya yi masa magana. Haka ya ce game da kyamara ma, kuma ban ja ba. Ɗakinsa ne, mutuncinsa ne. Na san akwai waɗanda murya ke taimaka musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun haura miliyan 55, kuma ba yadda za a yi tsari ɗaya ya dace da su duka. Shi ya sa nake roƙonku, ku zaunar da mai lalurar kusa da teburin aiki, ku tambaye shi, gobe ma ku sake tambaya, don amsar tana iya canzawa.

Agogon bango da nake haɗa masa shi ma ya kusa kammala. DS3231, 'yar na'urar agogo mai batiri, ke riƙe lokaci ko wuta ta ɗauke, allon kuma yana nuna "Yau Talata ce, da safe" da manyan baƙaƙe. Tsohon agogonsa mai hannu yana nan inda ya saba ganinsa, ban taɓa shi ba.

Abin da ya rage shi ne LD2410 tana jin fanka da kaɗawar labule, har tana hango motsi ta bayan ƙofar katako. Wanda ya taɓa daidaita zangonta a ƙaramin ɗaki, don Allah ya faɗa min ma'aunin da ya tsaya a kai.