Minjirya Ba Tarwaɗa Ba Ce

Duk wanda zai jefa fatsa a kogin Haɗejiya bayan magariba ya riƙe tocila, kuma kada ya kai hannu ga kifin da bai haska ba. Ba da ka nake faɗa ba, hannun damana ne shaida.

A wani ƙauye gabas da Haɗejiya abin ya same ni, ƙarshen damina, ruwa ya fara ja da baya. Da rana mun ɗan samu karfasa da tana, ba abin ba da labari. Da duhu ya shiga na sa hanjin kaza don tarwaɗa. Zare ya yi nauyi, na jawo wani kifi mai santsi da gashin baki, na damƙe shi a bayan kai yadda kowa ke damƙar tarwaɗa. Wallahi sai na ji an fizge ni tun daga yatsu har kafaɗa. Hannun ya sage, sandar ta faɗa ruwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ɗan yayana da bai wuce shekara tara ba ya riga ya miƙo hannu zai taya ni.

Wani dattijon masunci da ke ɗaga gurarsa kusa da mu ya haska, ya ce, "Malam, ai minjirya ce. Ka gode Allah ƙarama ka samu." Na ce, "Baba, ya ake gane ta?" Bai amsa ba, sai ya juya ta da kara ya nuna mini bayanta.

Nan bambancin yake. Tarwaɗa fiffikenta na baya dogo ne, daga kusa da kai har jela, kanta kuma a baje yake, da ƙashi mai tauri. Minjirya bayanta fayau, sai ɗan tsokar nama kusa da jela. Jikinta ɓul-ɓul, idanu ƙanana, da ɗigo-ɗigo baƙi. Wutar babba takan kai bolt 350, ta wuce ta soket ɗin gida. Wannan kifin na riƙe da jiƙaƙƙen hannu, ƙafata cikin ruwa.

Kurungu ma ana kuka da shi, saboda ƙayoyinsa uku da yake kullewa, na haƙarƙari kuma masu zarto ne. Amma shi yana gurnani da an fito da shi, ya yi maka gargaɗi. Gaiwa cizo gare ta, tsage haƙora. Minjirya kuwa shiru take kwanciya.

Dattijon ya ce kwazazzabai da gindin saiwoyi take so, da dare take fita. Inda na jefa kuwa gefen kachala ne, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992. Ranar da ciyawar ba ta ci maka ƙugiya ba, ta ɓoye maka abin da ke ƙasa.

Yanzu kowane kifi sai na ja shi kan tudu, na haska bayansa tukuna. In minjirya ce, filaya mai hannun roba nake sawa, in ta haɗiye ƙugiyar in yanke zaren in haƙura. Yaro kuwa, in dare ya yi, aikinsa riƙon tocila, kifi bai taɓawa.