Renon kututture a gonarmu ta Illela

A gonar gidanmu da ke yankin Illela, daf da iyakar Nijar, na daina tumɓuke kututturen sabara, kalgo da gawo lokacin sharar gona, bayan na ga yadda manoman Ƙonni suke yi. Wannan hanya, wadda ta bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, ba ta cin kuɗi. Mutum zai duba tohon da kututture ya fitar, ya zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran da adda mai kaifi daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya ɗaye, sannan ya ɗaura jan tsumma don makiyayi da mai neman itacen girki su san akwai mai shi. Saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, shi ya sa zafin bazara ba ya kashe ta yadda yake kashe dashen leda, wanda galibi awaki ke ƙarasawa kafin damina ta zagayo.

Jiharmu Sakkwato tana cikin jihohin Najeriya 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021 Najeriya ta yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa ba. Sai dai a ganina, masu tsara manufofi sun fi ƙidaya itatuwan da aka dasa fiye da waɗanda suka rayu, kuma suna ɗaukar duk mai gatari a matsayin maɓarnaci.

Aikin ya nuna mini cewa sara iri-iri ne. Kusan rabin nauyin busasshen itace sinadarin kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska, saboda haka reshen da na sayar wa masassaƙi ya yi ƙotar fartanya, ko sandar da ta tokare rumbu, yana riƙe da kabon ɗin har ranar da gara ta cinye shi. Kiryar da aka sare tun daga tushe aka yi gawayi kuwa, cikin kwanaki kaɗan take mayar wa iska abin da ta tara shekara da shekaru, alhali turmin da za a sassaƙa da ita jikoki ma sai su gada. Rassan da nake ragewa kowace shekara suna rage wa gidan kuɗin itace, bishiyar kuma tana nan tsaye. Gawo ma, da yake yakan zubar da ganye da damina, gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne shawo kan maƙwabtana, domin suna tsoron su reni bishiya daga baya malamin daji ya hana su taɓa ta. Waɗanda suka bi sahuna sai da mai unguwa ya tabbatar musu a gaban jama'a cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne.