Yadda Kwalta Ta Fitar Da Kano Daga Ganuwa

Cikin birnin Kano don ƙafa da jaki aka yi shi. Lungunan da ke kewaye da kasuwar Kurmi, in jaki da mangala ya wuce, to faɗinsu ya isa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911 ya raya Sabon Gari, amma mota ce ta ja garin ta miƙar da shi: titin Zariya ya kai shi Na'ibawa, titin Katsina ya kai shi Kurna da Bachirawa, na Gwarzo Rijiyar Zaki, na Maiduguri Hotoro da Mariri.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. A shimfiɗa kwalta, gidan mai ya zo, mai faci da makanike su kafa rumfa, sai gonakin baya su koma filaye. Mafi yawansu awon igiya ne. Mai yanka fili yana ganin duk taku ɗaya da ya bar wa hanya asara ce, don haka layin yakan fito ba ya ɗaukar mota biyu, ba a bar wurin kwata ba. Damina na zuwa ruwa ya rasa mabi, ya kwanta a gefen babban titi, ya shiga ƙarƙashin kwalta ya cinye ta.

Gidaje sun yi nisa, amma neman abinci yana nan inda yake: kasuwannin Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari, Wambai. Kowace safiya duk titunan nan wuri ɗaya suke juye mutane. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, nauyin ya koma kan a daidaita sahu, mai ɗaukar mutum uku a baya, wanda kuma duk inda aka ɗaga masa hannu nan ne tasharsa. Fasinjan da babbar bas ɗaya za ta kwashe sai an jera a daidaita sahu fiye da goma.

Gadar Ƙofar Nassarawa da ta Dangi sun kwance ƙullin mahaɗarsu, ba shakka. Sai dai motar da ta sauko da gudu, shataletalen gaba ne ke karɓarta. A bakin kasuwa kuwa tirela ɗaya da ta tsaya sauke kaya da hantsi ta rufe layi guda, masu tebur sun ci rabin wani, 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, na fama da abin da ya rage. Tsayar da lokacin sauke kaya da keɓe wurin tsayawar fasinja sun fi gada arha nesa ba kusa ba, ga shi nan ne cunkoson ke farawa.