Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Wuƙata ta Tsage

A makon jiya na tsaya a inda Baba Maƙeri ya yarda in riƙa zuwa maƙerarsa duk Asabar, ko da yake ni malamin makaranta ne, kuma babu maƙeri a zuriyarmu. Wata uku cur zuga kawai nake yi.

Abin da ya kai ni wurinsa shi ne wuƙar kakana, irin ta damtse mai baki biyu, wadda ake zura hannu cikin zoben fatar da ke jikin kubenta. Har gobe za ka ga irinta a hannun Buzayen Agadas. Tun ina yaro nake shafa ta, kuma burina in ƙera 'yar'uwarta da hannuna.

Mutanen zamanin da, tama suke narkawa. Mu kuwa guntun sifirin tsohuwar mota muka sayo wurin 'yan gwangwan, sai buhun gawayin ƙirya, don Baba ba ya yarda da wani gawayi idan ba shi ba. Asabar huɗu ina duka. In zaro ƙarfen da awartaki yana ja wur, in ɗora kan uwar maƙera, in bi shi da masaba, wannan gefe sau uku, wancan sau uku, don kada tsinin ya karkace. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya zama kanta. Da na gama gyara bakin da magagari na ajiye ta kusa da ta kakana, wallahi sai da ƙwalla ta zo mini.

Saura a taurara ta, wato a gasa a tsoma. Rannan Baba ya tafi jana'iza, ni kuma na kasa haƙuri. Da rana tsaka na zuga wuta, na tsoma wuƙar cikin ruwan randa. Sai na ji "ƙas!", ƙara 'yar kaɗan, kamar an karya tsinke. Tsaga ce tun daga baki har tsakiya.

Da ya dawo ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Malam, wa ya ce maka sifiri yana shan ruwan sanyi? Mai yake so. Kuma da rana ido ba ya ganin jan ƙarfe, ka ƙona ta tun kafin ka tsoma."

"Baba, a yi mini afuwa."

"Ɗauko wani guntun."

Daga baya na karanta cewa ƙarfe yana daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai wajen digiri 770, kuma ɗan sama da haka ake tsoma shi. Baba da idonsa yake gane wannan, bayan Magariba, idan duhu ya fara shiga rumfar.

Tsagaggiyar tana nan a akwatina, na naɗe ta a tsumma tare da ta kakana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ta biyun, da tafiyata wurin dukawa a Kasuwar Kurmi neman kube.