Abin da na koya a ajin sababbin shiga kafin in ajiye aiki

Makon jiya na miƙa wa sakataren kulob ɗinmu rajistar sababbin shiga, kuma tun ranar wasunku ke kirana suna tambayar dalili. Gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, musamman masu shirin shiga tirayatalon, wato gasar iyo da keke da gudu a jere, a karon farko, domin su abin ya fi shafa.

Duk wanda ya bi ta ajina ya san ƙa'idata. Sabon shiga da gajeren zango yake farawa: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Zangon Olamfik, mai iyo mita 1,500 da keke kilomita 40 da gudu kilomita 10, sai shekara ta zagayo. Kuma ba na sa hannu a fom ɗin kowa sai na gan shi da idona ya yi iyo a buɗaɗɗen ruwa, kwale-kwale na biye da shi.

Shugaban kulob bai taɓa son wannan ƙa'ida ba. Kullum labarinsa Hawayi ne, yadda mutum 15 suka fito a 1978 suka tunkari iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, da gudun fanfalaki kilomita 42, aka samu gasar da ake kira Ironman. Labarin gaskiya ne, amma yana tsallake asalinsa. Gasar ta samo asali ne daga gardamar 'yan gudu da 'yan iyo na tsibirin Owahu da ke Hawayi kan wa ya fi juriya, sai aka haɗa gasa uku da dama can ake yi a wurin. Mutanen da suka saba da teku ne suka yi wannan gardama. Namu yaran kuwa, da yawansu a kwamin ninƙaya na otal suka fara sa fuska cikin ruwa.

Bambancin kwami da tafki shi ne abin da na kasa fahimtar da shi. A kwami akwai layi a ƙasa da kake bi, akwai bango duk bayan mita 25, ruwan garau, kai kaɗai a layinka. A tafki ba ka ganin tafin hannunka. Dole ka riƙa ɗaga kai jefi-jefi kana neman alamar da za ka kewaya, in ba haka ba ka karkace ka ƙara wa kanka tafiya. Ana busa usur kowa ya afka lokaci guda, wannan ya shure ka, wancan ya hau bayanka. Numfashi ya rikice, zuciya ta hau bugawa, mutumin da ke iyo kilomita biyu a kwami sai ya kasa mita ɗari. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya tattara mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a gasar tirayatalon tsakanin 1985 da 2016, kuma 90 daga cikinsu a ruwa abin ya same su. Na karanta masa wannan a taron kwamiti, ya ce lissafin Turawa ne.

Abin ya faru ne a kan wani yaro da kuka sani, ɗan bautar ƙasa da ya zo mana daga Filato. Wajen gudu babu kamarsa a kulob ɗin, ya tashi a tsaunuka, kilomita 10 ba komai ba ce a wurinsa. Keke ma ya kama shi da wuri. Iyo ne a hannuna ya koya, kuma yana koyo da kyau, amma bai taɓa shiga tafki ba. Da aka ce masu ɗaukar nauyin wasanni za su halarci gasar da ke tafe, Shugaba ya so a ga sunayenmu da yawa a zangon Olamfik, ya kawo min fom ɗin yaron.

Na ce, "Yallaɓai, yaron nan bai taɓa shiga ruwan da ba ya ganin ƙasansa ba. A bar shi a gajeren zango, ko ya jira ta gaba."

Ya ce, "Malam, kai kullum tsoro kake koya musu."

Ban sa hannu ba. Mutum huɗu na zaune a wurin, sun ji. Shugaba ya kira yaron daga baya, ya biya masa kuɗin rajista, ya ce masa namiji ba ya ja da baya. Yaro ne mai kunya, babba ya yi masa alheri, ya za a yi ya ce a'a?

Ranar gasa, tun kafin a kai alama ta farko wani ya shure shi a fuska, tabaran ruwa ya fita, ya sha ruwa. Ina bakin gaɓa ina kallo. Ya juya rigingine ya ɗaga hannu, daidai yadda muke maimaitawa kowace Asabar, masu kwale-kwale suka gan shi suka ciro shi. Alhamdu lillahi ya fito da ransa, yana amai yana karkarwa, yana ce min, "Yaya, ka yi haƙuri." Shi ke ba ni haƙuri.

Da daddare Shugaba ya rubuta a guruf ɗin WhatsApp cewa ajin sababbin shiga ne bai shirya yaron ba, kuma za a duba yadda ake tafiyar da shi. Ya ambaci sunana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, wannan na sani tun ina yaro, don haka nasa bai ba ni mamaki ba. Shirun mutum huɗun nan ne ya fi yi min ciwo. Kowannensu ya same ni a gefe ya ce in yi haƙuri, sun san gaskiya. A cikin guruf babu wanda ya ce uffan. Na ci gaba da aiki har ƙarshen kakar wasa saboda akwai mata uku da na yi wa alkawarin raka su gasarsu ta farko, kuma duka ukun sun kammala gajeren zango lafiya lau. Daga nan na ga zamana ya ƙare.

Babban abin da na koya shi ne in mutum ya ƙi sa hannu, ya rubuta dalilinsa a takarda ya ajiye kwafi, kuma ya je ya faɗa wa mai shiga gasar baki da baki, ko da zai ɓata wa babba rai. Wanda zai gaje ni ya riƙe wannan. Ku kuma sababbi, duk wanda ya ce ku tsallake gajeren zango, ku tambaye shi ko shi zai shiga ruwan a madadinku. Ku sani kuma doka ta yarda mutum ya riƙe kwale-kwale ya huta, muddin ba a ja shi gaba ba, babu abin kunya a ciki.

Sauran ƙanana ne. Hular kwano ake fara ɗaurewa kafin a taɓa keke, ba a kwance ta sai an jingine shi. A riƙa sauka daga keke ana wucewa gudu kai tsaye a lokacin atisaye, ko na minti goma ne, don ƙafa ta saba da nauyin da take yi. Kada a gwada sabon takalmi ko sabon abinci ranar gasa. A zafin bazara ruwa zalla ba ya isa a doguwar tafiya, jiki na bukatar gishiri. Ba kowane dam ake shiga ba, akwai tsargiya, a tambayi mutanen wurin da ma'aikatan lafiya. Keke na hannu mai birki da giya masu kyau ya wadatar, a dai koyi canza tayar da ta yi faci. Da azumi a rage nauyin atisaye, a mayar da shi bayan shan ruwa.

Yaron ya gama bautar ƙasa ya koma gida. Kafin ya tafi mun shiga tafki tare sau da dama, ni a kwale-kwale shi a ruwa, har ya daina firgita. Daga baya ya shiga gajeren zango a wata gasa ya kammala, ya turo min hoton lambarsa. Ban tura hoton a guruf ba.

Mai son koyon iyo zai same ni a kwamin da muka saba ranar Asabar bayan sallar asuba. Kuɗin ƙofa kawai zai biya, kuma ba da sunan kulob nake yi ba.